Bin Sawun Ƙaurar 'Yan Mormon a Mota da Ƙananan Yara: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da ni da uwargida muka ɗebi yaranmu uku, babbarsu tana da shekara tara, autansu bai cika uku ba, muka bi hanyar da 'yan Mormon suka bi daga bakin kogin Mississippi zuwa kwarin Salt Lake, 'yan'uwa mazauna Amurka suke ta yi mini tambayoyi, wasu don suna da niyyar zuwa, wasu don mamakin abin da ya kai mu. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa na amsa su a nan gwargwadon abin da na gani da abin da na sani na tarihin wuraren.

Su wane ne waɗannan mutane, kuma me ya tashe su daga gidajensu?

Mabiya wani coci ne da Joseph Smith ya kafa a jihar New York ranar 6 ga Afrilu, 1830. Duniya ta fi saninsu da sunan Mormon, ko da yake tun 2018 shugabanninsu suka nemi a riƙa kiran cocin da cikakken sunansa, wato Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Cikin shekara goma sha shida na farko ba su samu wurin zama na dindindin ba. Sun zauna a Kirtland ta jihar Ohio, sun zauna a Missouri, inda rikici da maƙwabta kan ƙasa da ƙuri'a da aƙida ya yi tsanani har gwamna Lilburn Boggs ya ba da umarni a Oktoban 1838 cewa a kore su daga jihar ko a hallaka su, umarnin da ba a soke a hukumance ba sai 1976. Daga nan suka gina Nauvoo a jihar Illinois. Bayan an kashe Joseph Smith a 1844, Brigham Young ya zama madugu, kuma a Fabrairun 1846 suka fara ƙetare kogi suka nufi yamma.

Ayarin farko ya shiga kwarin Salt Lake a Yulin 1847. Daga wannan lokaci zuwa 1869, shekarar da aka haɗa layin dogo daga gabas zuwa yammacin ƙasar, mutane tsakanin 60,000 zuwa 70,000 ne suka bi wannan hanya, mafi yawansu a ƙafa, suna tafiya a gefen keken shanu.

Daga ina ya kamata a fara, kuma kwana nawa za a ware?

Akwai masu farawa tun daga Palmyra ta New York, su bi ta Kirtland da Missouri, amma ga mai ƙananan yara wannan ya yi yawa, kuma ba na ba da shawararsa. A fara daga Nauvoo a ƙare a Salt Lake City. Tsawon tsohuwar hanyar kusan kilomita 2,100 ne, ta ratsa jihohi biyar: Illinois, Iowa, Nebraska, Wyoming da Utah, kuma tun 1978 gwamnatin tarayya ta sanya ta cikin hanyoyin tarihi na ƙasa. Tuƙin kaɗai, in an haɗa da ratse zuwa wuraren tarihi, zai ci sa'a 20 ko fiye.

Mu kwana goma muka yi, kuma da za mu sake sai mu ƙara biyu. Wanda ya matse ta cikin kwana biyar zai isa, amma abin da yaransa za su riƙe a rai shi ne bayan kujerar mota. Darasin wannan hanya gaba ɗaya yana cikin nisanta da jinkirinta, don haka gaggawa tana ɓata ainihin abin da aka zo gani. Gara a zaɓi wurare shida ko bakwai a zauna musu sosai da a tsaya a ashirin ana ɗaukar hoto ana wucewa.

Wanda ba ɗan cocin ba yana iya shiga wuraren? Ana biyan kuɗi?

Yana iya shiga, kuma wuraren tarihin da cocin ke kula da su kyauta ne. Abin da ba a shiga shi ne haikalinsu da aka riga aka keɓe, wanda ko a cikinsu sai mai takardar izini. Harabarsa dai a buɗe take ga kowa. Masu zagayawa da baƙi 'yan mishan ne na sa kai, yawanci dattawa ma'aurata ko 'yanmata matasa, kuma babu makawa za su ambaci imaninsu a ƙarshen bayani, wani lokaci su miƙa littafi ko su nemi lambar waya. Mu mukan ce musu mu Musulmi ne, tarihi muka zo gani, mu yi godiya, kuma ba mu taɓa ganin wanda ya canja fuska ba. Yana da kyau iyaye su yi wa manyan yara wannan bayani tun a mota, domin su san bambanci tsakanin abin da ya faru a tarihi da abin da masu wurin suka yi imani da shi. Wuraren da ke hannun gwamnatin tarayya ko ta jiha wasu kyauta ne, wasu da ɗan kuɗin shiga.

Me yara za su samu a Nauvoo?

Nan ne ya fi ko'ina dacewa da ƙanana, kuma ya cancanci kwana biyu cur. Kafin zuwan 'yan Mormon a 1839 wurin fadama ce mai sauro da zazzaɓi da ake kira Commerce. Suka yashe ta, suka gina gari da cikin 'yan shekaru ya kai mutum fiye da 10,000, yana gogayya da Chicago ta wancan zamani. An gyara gidaje da shaguna da dama an mayar da su yadda suke, kuma a yawancinsu akan nuna sana'ar a aikace. Yara za su ga yadda ake murɗa igiya, yadda ake zuba kyandir, yadda ake buga tubali, za a kuma ɗauke su a keken doki ko na shanu.

Maƙera ce ta fi tsaya wa 'yata a rai. Dattijon da ke wurin ya hura wuta da zuga-zugi, ya ɗora jan ƙarfe a kan uwar maƙera, ya nuna mana cewa takalmin ƙarfe na sa gida biyu ne a kowace ƙafa saboda kofatonsa a rabe yake, kuma tun da sa ba ya iya daɗewa tsaye da ƙafa uku kamar doki, sai an rataye shi cikin wani katako kafin a buga masa. Daga nan ya lanƙwasa ƙusa ta zama zobe ya ba kowane yaro. Yarinyar ta juya zoben a yatsa ta ce, "Baba, keke nawa suka ƙera kafin kowa ya samu?" Amsar ita ce duk kakar 1845 da hunturun da ya biyo baya garin ya koma masana'antar keken shanu, har ɗakunan taro an mayar da su wurin sassaƙa.

Da yamma a gangara titin Parley a ƙafa har bakin ruwa. Ta nan suka bi ranar da suka bar garin, kuma a gefen titin akwai alluna ɗauke da kalmomin da wasunsu suka rubuta a littattafan ajiyarsu. Idan aka waiwaya daga bakin kogin ana hango haikalin a kan tudu. Na asalin an ƙone shi a 1848, guguwa ta ƙarasa rushe shi a 1850, wanda ake gani yanzu an kammala shi ne a 2002.

Ya dace a kai ƙananan yara kurkukun Carthage?

Carthage tana da nisan kusan rabin sa'a daga Nauvoo. A benen kurkukun ne gungun mutane da suka shafa baƙi a fuska suka harbe Joseph Smith da yayansa Hyrum ranar 27 ga Yuni, 1844, lokacin da ake tsare da su bayan hukumar Nauvoo, wadda Joseph ke shugabanta, ta sa an lalata injin buga wata jarida da ta soke shi. Har yau ramin harsashi yana jikin ƙofar ɗakin. Ɗakin ƙarami ne, akan yi shiru ana saurare, don haka yaron da bai kai shekara shida ba zai takura ya kuma takura wasu. Mu sai muka raba: uwargida ta zauna da ƙananan a farfajiya, na shiga da babbar.

Akwai abin tsayawa a Iowa da Omaha?

A Iowa kaɗan ne. Akwai alamun zangon Garden Grove da na Mount Pisgah, amma ga yaro filin ciyawa ne kawai. Abin da ya kamata a gaya musu yayin da motar ke wucewa cikin sa'a biyar ko shida shi ne cewa wannan jiha ta ci wa ayarin wata huɗu, saboda ruwan sama da taɓo da ya riƙa haɗiye ƙafafun keke har gatari.

Wannan jinkiri ne ya sa ba su iya ƙarasawa yamma a 1846 ba, suka ya da zango a bakin kogin Missouri, a ƙasar ƙabilar Omaha, wurin da ake kira Winter Quarters, wanda yanzu yake unguwar Florence a arewacin birnin Omaha. Sun yi hunturu cikin bukkokin itace da ramukan da suka haƙa a jikin tudu, kuma ɗaruruwa sun mutu da zazzaɓi da ciwon rashin kayan lambu, da yawansu jarirai. Cibiyar baƙi ta wurin tana da keken shanu da bukka da yara za su shiga, da amalanken hannu da za su gwada ja. Maƙabartar tana tsallaken titi, a cikinta akwai mutum-mutumin uba da uwa tsaye a kan kabarin ɗansu. Sa'a biyu sun isa. Sauran yinin a kai yara gidan namun dajin Omaha, wanda yake cikin manyan na ƙasar, domin suna da haƙƙin yini guda da babu kabari a cikinsa.

Yaya za a yi da yara a doguwar hanyar Nebraska?

Daga Omaha zuwa Scottsbluff kusan sa'a bakwai ne, a miƙe, a gefen kogin Platte, kuma shi ne ɓangaren da ya fi gajiyarwa. A raba shi biyu. A Kearney akwai wani gidan tarihi da aka gina kamar gada a kan babbar hanya mai lamba 80, wanda ya dace da hutun rana. Bayan an wuce North Platte agogo yana komawa baya da sa'a ɗaya, abin da ke shafar lokacin barcin yara da lokacin rufe wurare.

Dabarar da ta yi mana aiki ita ce ƙidaya. Ayarin 1847, mai maza 143 da mata uku da yara biyu, yakan yi kilomita 25 zuwa 30 a yini mai kyau, kuma a wannan hanya ne William Clayton, bayan ya gaji da ƙirga juyawar ƙafar keke da ya ɗaura wa jan ƙyalle, ya sa aka sassaƙa na'urar katako mai auna nisa. Sai muka ce duk minti goma sha biyar a mota yini guda ne na ayari, yara su riƙa ja layi a takarda. Kafin mu hango Chimney Rock, dutsen nan mai tsini da matafiya kan hango kwanaki kafin su iso shi, takardar ta cika da layuka, kuma ɗana na tsakiya ya fara gane abin da ake nufi da tafiyar wata uku.

Waɗanne wurare ne suka fi muhimmanci a Wyoming?

A ganina zuciyar tafiyar tana nan, domin ƙasar ba ta canja sosai ba tun lokacin. Fort Laramie tsohon sansani ne da matafiya yamma masu bin wannan hanya suka ratsa, kuma kamar a Scotts Bluff, dutsen tarihin da ke kusa da garin Scottsbluff, hukumar wuraren shaƙatawa ta ƙasa tana ba yara ɗan littafin aiki, in sun cika a ba su lambar ƙirji. Kusa da garin Guernsey akwai inda ƙafafun dubban kekuna, na 'yan Mormon da na masu zuwa Oregon da California, suka ci dutse har ya zama kwari mai zurfin da a wasu wurare ya kai kafaɗar babba. Tafiyar daga wurin ajiye mota gajeriya ce. Autanmu ya shiga cikin sawun ya ɓace mana da gani gaba ɗaya, sai muryarsa muke ji, kuma babu allon bayani da ya kai wannan bayyana yawan mutanen da suka bi ta wurin.

A Casper akwai cibiyar bayanin hanyoyin tarihi da ke sa yara cikin keken kwaikwayo yana jijjiga kamar ana ƙetare kogi, kusa da inda Brigham Young ya bar mutane a 1847 su kafa fito a kan kogin North Platte. Daga nan hanya mai lamba 220 za ta kai ku Independence Rock, ƙaton fa mai kamar bayan kunkuru da matafiya suka sassaƙa sunayensu a kai. Ana hawansa, amma yana da santsi da iska, don haka a riƙe hannun ƙanana. Can gaba kuma akwai South Pass, inda hanya ke ƙetare ƙashin bayan nahiyar a tsayin sama da mita 2,200, a kan shimfiɗaɗɗen fili mai faɗin da ba za a ce ana kan tsauni ba.

Mene ne labarin amalanken hannu, kuma yara za su iya jansa?

Daga 1856 zuwa 1860 cocin ya gwada wata hanya mai araha ta kawo sababbin mabiya matalauta daga Ingila da ƙasashen Sikandinabiya: maimakon keken shanu, kowane iyali ya ja amalanke mai ƙafa biyu, babba ba ya ɗaukar kayan da ya wuce kimanin kilo takwas. Ayari goma suka yi haka, mutum kusan 3,000, kuma takwas sun isa ba tare da babbar asara ba. Biyu na 1856, waɗanda ake kira da sunayen jagororinsu, Willie da Martin, sun tashi a makare, amalankensu an ƙera su da ɗanyen katako, kuma duk da gargaɗin Levi Savage, wanda ya san hanyar, suka bar Florence a Agusta. Dusar ƙanƙara ta cim musu a Wyoming ranar 19 ga Oktoba, bayan an riga an rage musu rabon gari. Cikin mutum wajen 1,000, fiye da 200 sun mutu kafin masu ceton da Brigham Young ya aiko su kai sauran Salt Lake a Nuwamba.

A Martin's Cove, kusan sa'a ɗaya daga Casper, kusa da tsagin dutsen Devil's Gate, inda ayarin Martin ya fake kwanaki, ana ba baƙi aron amalanke kyauta. Akwai gajeren zagaye kusa da cibiyar wanda ya ishi iyali mai ƙanana. Zuwa lungun dutsen da dawowa kilomita da dama ne babu inuwa, kuma sai da ruwa mai yawa. Mun ɗora autan a ciki, manyan biyu suka shiga bayan sandar ja, ba su yi minti ashirin cikin rairayi ba suka nemi a karɓe su. A nan na ba su labarin da ake bayarwa na James Kirkwood, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya daga Scotland, wanda ya goya ƙanensa ya haye da shi tudun Rocky Ridge cikin ƙanƙara, ya sauke shi a zango, shi kuma bai kai safiya ba. Babu wanda ya ce uffan har muka mayar da amalanken.

Akwai ɓangarorin tarihin da masu zagayawa ba su cika taɓawa ba?

Akwai, kuma nauyin iyaye ne su cike giɓin daidai da shekarun yaro. Kwarin da suka isa ba kufai ba ne: ƙasar ƙabilun Ute da Shoshone da Goshute da Paiute ce, kuma zaman baƙin ya raba su da wuraren farauta da ruwa, ya jawo yaƙe-yaƙe. Cikin ayarin farko akwai bayi baƙar fata uku, Green Flake da Hark Lay da Oscar Crosby, kuma cocin ya hana baƙaƙe muƙamin limanci har Yunin 1978, shekarar da 'yan mishan ɗinsa suka fara aiki a Nijeriya da Gana. A Satumban 1857, a Mountain Meadows ta kudancin Utah, mayaƙan Mormon sun kashe matafiya kusan 120 daga Arkansas, suka bar ƙananan yara 17 kaɗai. Auren mata da yawa, wanda ya haɗa su rigima da gwamnatin tarayya shekaru, cocin ya sanar da dainawa a 1890, Utah kuma ta zama jiha a 1896. Mutanen da aka kora daga gidajensu su ma sun kori wasu, kuma yaro ɗan shekara tara yana iya riƙe waɗannan gaskiya biyu tare in an faɗa masa a hankali.

Wane lokaci ne ya fi?

Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, lokacin da komai yake buɗe. Yuli yana da zafi mai gumi a Nauvoo da cunkoson masu zuwa wasan dandalin da ake yi a lokacin, don haka Yuni ya fi sauƙi. A Wyoming rana tana ƙuna, dare yana da sanyi ko a bazara, iska ba ta tsayawa, kuma akwai macizai masu ƙaraurawa a wutsiya, saboda haka yara su sa rufaffen takalmi su tsaya kan turba. Hunturu kam a bar shi, domin ana rufe hanyoyi.

Abinci da salla fa?

Omaha da Salt Lake City suna da masallatai da shagunan halal, haka ma Grand Island a Nebraska, inda Somaliyawa da yawa ke aiki a mayankan nama. Daga Scottsbluff zuwa Utah kuwa sai guzuri. Mun cika akwatin sanyi da dafaffen nama da shinkafa da 'ya'yan itace, muka riƙa yin ƙasaru a wuraren hutawa na gefen hanya, waɗanda galibinsu suna da ruwa da teburi. Tsakanin Casper da Farson gidajen mai suna da nisa da juna kuma waya takan ɗauke, don haka kada a bar tanki ya sauka ƙasa da rabi.

Me za a gani a ƙarshen hanya?

Bayan Fort Bridger da jajayen duwatsun Echo Canyon, ya fi kyau a bar babbar hanya a gangara ta Emigration Canyon, inda ayarin ya bi. A bakinsa akwai hasumiyar tunawa da aka buɗe a 1947, da ƙauyen tarihi mai ɗan jirgin ƙasa da dabbobi, wanda ake biyan kuɗin shigarsa. Ranar 24 ga Yuli hutu ce a Utah don tunawa da isowar ayarin farko, ana jerin gwano. Babban haikalin tsakiyar birni, wanda gininsa ya ɗauki shekara 40 daga 1853 zuwa 1893, an rufe shi don gyara a ƙarshen 2019, saboda haka a bincika abin da ke buɗe a dandalin kafin a je.

Akwai abin lura game da mota da kujerun yara?

Dukan jihohin biyar suna tilasta kujerar yara, amma shekaru da tsayin da doka ta gindaya sun bambanta, don haka a bi wadda ta fi tsauri. Mai hayar mota ya tambayi kuɗin da ake ƙarawa idan an ɗauka a St. Louis ko Chicago aka ajiye a Salt Lake City, domin yakan yi yawa. Wasu wurare, kamar Rocky Ridge, sai ta hanyar burji mara kyau, kuma yarjejeniyar haya takan hana bin irinta. Kada a bar yaro cikin mota a rufe ko na minti biyu ne, a kuma tsaya duk bayan sa'a biyu ko da babu wanda ya yi kuka.